Nomau da Sandunan Awo

Ranar da gado ya haɗiye Nomau, ina ƙofar gida ina soya kifin garba, abincin nan na 'yan Abidjan da ake ci da tsakin rogo. Litinin ce, hantsi bai daɗe da ɗagawa ba. Sai na ji gwaf! daga cikin gida, kamar an rufe bakin kwantena, nan take Fadimatu matar direba ta fasa salati. Na yar da cokalin suya na ruga. Abin da na tarar shi ne ƙafafu biyu sun fito daga jikin bango, ɗaya da silifa ɗaya babu, suna ta harbin iska. Sauran Nomau yana ciki.

Gadonsa ne, wanda ya ƙera da hannunsa, irin wanda ake ɗagawa da safe ya manne da bango don a sami wurin sallah. Yakan ɗaura masa robar taya don ya tashi ba wahala. To a ranar sabuwar roba ya sa, ta babbar mota, shi kuwa duk jikinsa bai kai buhun gawayi nauyi ba. Ya hau zai nuna wa Inna Sakinatu cewa tsohuwa ma za ta ɗaga shi da yatsa ɗaya. Gadon ya ɗaga kansa, ya tafi da malamin.

Mu huɗu muka taru muka ja. Ya fito, wandonsa bai fito ba, ƙusa ta riƙe. Ga dattijo mai furfura a tsakar gidan haya, daga shi sai 'yar taguwa, yana jan bakinta ƙasa da hannu biyu. Mata suka juya baya.

Na yi masa sannun 'yan Abidjan, na ce, “Yako, Badamagare! Ashe har ɗakin naka ya gaji da kai.” Ni Shamsu ubana Bakano ne, shi kuwa mutumin Damagaram, don haka ko a gaban liman zan tsokane shi, ba mai cewa na yi rashin kunya.

Sai na lura ni kaɗai nake dariya. Inna Sakinatu ta rungume ƙullin kayanta, ta ce a hankali, “Kun gani ko? Shi ma da ya gina, ɗakin ya fara gwada shi.” Ta koma baranda ta zauna.

Inna Sakinatu shekararta arba'in da biyar tana dama fura a nan Adjamé, cikin Abidjan. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye. Wata biyu kafin wannan rana katafila ta bi ta layinsu, wai za a fitar da hanya, ta tsira da ƙullin kaya ɗaya da ƙwaryar damu. Hajiya Lailatu, mai gidanmu na unguwar Saint-Michel, ta ce ta zauna a baranda kafin a ga abin yi. To damina ta matso, barandar ba ta tare ruwa, ɗakunan gidan kuma cike suke da mutane har bakin ƙofa. Saifuddeen ɗan Hajiya, wanda ke kula da gidan yanzu, ya yanko mata tikitin motar Nijar, za ta tashi Talata ta sama. Ƙauyen da za a kai ta, Inna ta ce ko kushewar uwarta ba za ta gane ba, balle mai rai. Hajiya ta yanke magana: akwai ɗan lungu bayan tankin ruwa, in Nomau ya iya fitar da ɗaki a wurin, Inna kuma ta yarda ta shiga, to ta zauna har iya kwananta. In ba haka ba, mota.

Lungun nan, in ka ware hannuwa, yatsunka na taɓa bango da bango. Amma ba ƙanƙantar wurin ce ta hana ba. Nomau ne.

Yana saurayi ya zo Abidjan, ya kama aikin fasa akwatunan katako a bakin tashar jiragen ruwa ta Treichville. Ya sha gaya mini shekara bakwai ya yi yana kwana cikin akwatin da aka kawo injin niƙa. Na ce masa shi ya sa har yau in ya yi barci yake ƙara kamar injin. A nan ya koyi kafinta, ba malami. Katakon da aka yar shi yake tsinta, ƙusar da ta lanƙwashe ya miƙe ta a kan dutse. Ban taɓa ganin ya sayi sabon katako ba. Ya ce itacen da ya tsallako teku bai ruɓe ba, damina ba ta ba shi tsoro.

Ɗakinsa na gidanmu tsakanin bangon bayi da bangon maƙwabta yake. In an ɗaga gado, cikinsa ya zama tebur. Bayan ƙofa kanta ce ta kwanuka. Ruwan da ya sauko daga kwanon rufi yana bi ta gora ya shiga jarka, wanda ya yi alwala da shi kuma ya gangara gindin na'ana'a da barkono da ya shuka cikin gwangwanaye. Ya huda rufin ya soka kwalba cike da ruwa, ita ce fitilarsa ta rana, ta dare kuma ɗan allon hasken rana ne da bai fi faranti ba. Turawa biyu sun taɓa zuwa suka ɗauki hoto, suna ta gyaɗa kai.

Su sun ɗauki hoto sun tafi. Mu da muke zaune da ɗakin mun san wani abu. In ka shiga ya rufe ƙofa, hayaniyar motocin haya na gbaka da masu kiran fasinja da rediyon Fadimatu duk sai su ɗauke ɗif, kamar an zuba musu ƙasa. Ya ce ɓawon kwakwa ya cusa cikin bangon. Hasken kwalbar nan kore-kore ne, in ya faɗo a fuskar mutum sai ka ga kamar ya kwana uku ba lafiya. Ga wata iska mai sanyi da take shigowa ta ƙananan hudoji a ƙasa, tana lasar idon sawu. Duk surutuna, in na shiga sai in ji na rage murya ba wanda ya sa ni.

Wannan duk da sauƙi. Awonsa ne abin. Nomau ba ya amfani da igiyar awo ta teloli ko ta magina. Ya ce ɗaki riga ce, jikin mai shi ake bi. In zai yi maka ɗaki, sai ya shimfiɗa tabarma ya ce ka kwanta ka miƙe, ya ɗauko doguwar sandar gora ya ajiye gefenka, daga tsakar kai zuwa diddige, ya yanke. Ba Bahaushen da zan tsaya yi wa bayanin wanda ake kwantarwa a aza wa kara.

Da farko wasa muka ɗauke shi. Har ya yi wa Ɗantani ɗaki. Ɗantani ɗan dako ne a tashar jirgi, ƙato, baƙi, mai dariya kamar tsawa. Ya sami ƙarƙashin matakalar wani bene a unguwar Arras, Nomau ya je ya kwantar da shi ya auna, ya fitar masa da ɗaki har da wurin rataye keke. Ɗantani ya yi kwana arba'in cif a ciki. Ran na arba'in da ɗaya ya faɗi a wurin aiki da buhu a kai, bai tashi ba. Da aka gama wanka ana neman abin da za a auna shi a aika wa masu haƙa, a Treichville kuwa ina za ka ga karan dawa, sai Nomau ya fito daga cikin jama'a da sandar nan a hannu, ya ce, “Ga nasa, kada ku wahala.” Ina wurin. Ba wanda ya miƙa hannu. Da ƙyar wani tsoho ya karɓa, aka aza, ko ƙwayar shinkafa ba ta wuce ba.

Shi a ganinsa taimako ya yi. Amma tun daga ranar, in ya biyo layi da gora a kafaɗa, masu kwance a benci sai su tashi zaune. Shekara uku ke nan ba wanda ya sake kiransa aikin ɗaki, sai gyaran kujera.

Ran Laraba, saura kwana shida motar Inna, Nomau yana bayan tanki yana fere katako, ya ce in miƙo masa zarto daga saman rufin ɗakinsa, ta ciki. Azahar ta wuce, gidan ya yi tsit, kowa ya shige. Na shiga, ƙofar ta rufe kanta. Na hau kan jarka na zura hannu tsakanin kwano da silin, maimakon zarto sai na ji sanduna. Na jawo. Dami guda, sun fi ashirin, kowace da rubutun ajami a kanta. Karatuna bai yi nisa ba, amma allo na riƙe. Na karanta Lailatu. Na karanta Fadimatu, da mijinta. Saifuddeen. Wasu guda biyar an ɗaura musu farin ƙyalle a wuya, na duba sunayen, duk mutanen gidanmu ne da muka kai maƙabarta.

Sai ga Shamsu.

Na tsayar da ita a ƙasa na jingina da ita. Bakinta ya tsaya daidai tsakar kaina. Ni kuwa ban taɓa kwanta wa Nomau ba. Iskar nan ta ƙasa ta lashi ƙafata. Yadda na fito daga ɗakin, Allah ne ya sani.

Na same shi na ce, “Kai tsohon banza, yaushe ka auna ni?”

Ko ɗagowa bai yi ba. “Bara. Kana barcin rana a kan bencinka, baki buɗe, ƙuda na shiga suna fita. Bakano in ya ƙoshi ko kaciya aka sake masa ba ya ji.”

“Don me?”

“Gidan nan wata rana za a sayar, a yi bene. Kowa zai nemi lungun da zai sa haƙarƙari. In ranar ta zo ba sai na bi ku ina roƙo ba.”

“Masu farin ƙyallen fa?”

“Sun sami wuri.” Ya hura ƙurar katako. “Ba na yar da su. Mutum ya zauna da kai shekara ashirin, ka jefa tsawonsa a bola?”

Na ce zan karya tawa. Ya ce in karya, kamu uku da dani ɗaya da yatsa biyu ne, yana kansa. Wallahi da na san haka da ban tambaya ba. Har yau in na kwanta sai in ji lissafin nan yana bina daga kai zuwa ƙafa.

Da na ɗan dawo hayyacina na ce, to tunda sata yake yi, me ya hana shi satar na Inna mu huta? A nan ya ajiye abin fira ya dube ni.

Ya ce, “Ka taɓa ganin ta miƙe ƙafa tun da ta zo? A zaune take barci, ƙulli a cinya, kamar mai jiran a ce tashi. A tsaye kuma bayanta ya ranƙwafa, in na auna haka zan yanke gado gajere. Mai doro in ya kwanta yana ƙaruwa, ban san nawa ba. Lungun nan ba shi da rarar yatsa ɗaya. In gadon ya yi tsawo ƙofa ba ta buɗuwa, in ya gaza ta ƙare kwananta a ƙudundune. Sai ta kwanta.”

Na je na lallashi Inna, har da yi mata alkawarin kan kifi kullum. Ta ce, “Shamsu, bakinka ya fi kifinka mai. Ɗantani ma da dariya ya kwanta.” Fadimatu ta ce a kira tela ya auna ta da igiya. Nomau ya ce ko da me za a auna, sai dai a kwance. Magana ta tsaya nan.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, hadari ya haɗo daga wajen teku. Gari ya yi duhu kamar magariba alhali la'asar ba ta yi ba. Iska ta tsaya cik, ko ganyen mangwaron maƙwabta ba ya motsi. A ranar da safe Saifuddeen ya kawo wa Inna jakar leda babba, ya ce ta zuba kayanta tun da wuri. Jakar na nan ajiye gabanta, tana kallonta tun hantsi.

Sai muka ga ta tashi. Ta ɗauki buta ta yi alwala, a hankali, gaɓa-gaɓa. Ta shiga bayan labulen Hajiya ta fito da farin zane da farin mayafi. Ta bi ɗaki-ɗaki tana cewa, “Ku yafe mini, 'ya'yan nan.” Ta miƙa wa Fadimatu ƙwaryar damunta. Sannan ta tsaya tsakar gida ta ce, “Malam Nomau, kawo sandarka. In mutuwa ce, gara ta same ni inda za a sami masu yi mini sallah.”

Nomau ya shimfiɗa tabarma. Ta kwanta a kan hannun dama ta fuskanci gabas. Wata mata ta fara sheshsheka.

Ya ce, “Yaya Sakinatu, ba haka ba. Rigingine za ki yi, kanki ta wajen famfo.”

Ta juya. Muna ji bayanta yana ƙas, ƙas, yana saki kaɗan-kaɗan, ƙafafun nan suna ta tafiya gaba. Ashe doguwar mace ce, mu ba mu sani ba. Ta rufe ido. Ya durƙusa ya ajiye gorar gefenta, ya daidaita da tsakar kanta, ya bi da hannu har diddige, ya sa wuƙa ya yi alama. Duk gidan ba ka jin komai sai cin wuƙar nan a jikin gora.

Ya ce, “An gama, Yaya. Tashi.”

Ba ta tashi ba.

“Inna,” in ji Fadimatu. “Inna Sakinatu!”

Farin mayafin ya rufe rabin fuskarta, hannuwanta a miƙe gefe. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo mata a goshi, ko gezau. Hajiya Lailatu ta dafa bango ta fara innalillahi. Nomau ya ajiye wuƙar. Ya sunkuya ya kai kunne kusa da hancinta. Ya daɗe a haka.

Sai tsohuwar nan ta ja wani minshari, irin na mai dako.

Barci ne. Wata biyu ba ta miƙe ba, bayanta na taɓa ƙasa ya ɗauke ta. Haka muka ɗaga ta da tabarmar, mu huɗu, muka kai baranda, ruwa na dukanmu. Ban so yadda muka ɗauke ta ɗin ba, biyu gaba biyu baya. Ba ta farka ba sai washegari da hantsi, ta tashi tana tambaya wa ya ba Fadimatu ƙwaryarta.

Kwana uku na rufe teburin garba na zama ɗan kama-nan-riƙe-can. Muka yi sawu biyu zuwa Treichville da amalanke, muka kwaso katakon da abokansa na tashar jirgi suka tara masa. Duk abin da zai yanke sai ya aza sandar Inna. Gado tsawonta da ƙarin dani ɗaya, don miƙa. Kanta daidai inda hannunta ke kaiwa ba ta yi ɗage ba. Wannan karon bai sa roba ba, da na tambaye shi dalili sai ya jefe ni da guntun katako. Ya bar mata gurbi a bango daidai ƙwaryar damu, da 'yar taga da za ta riƙa miƙo fura ga mai saye ba sai ta fito ba. Mutanen gida suna wucewa suna leƙe daga nesa. Ba wanda ya sa ƙafa.

Talata da safe Saifuddeen ya iso da tikiti a hannu, ya bar taksi a ƙofar gida tana jira. Inna tana tsaye bakin sabon ɗakin da ƙullinta, ta kasa shiga, ta kasa juyawa. Hasken kwalbar nan kore yana kwance a kan gadon. Ni kaina da na buga rabin ƙusoshin, da na leƙa ban yarda na sa ƙafa ba.

Saifuddeen ya leƙa, ya ja da baya, ya kama hanci kamar ya ji wari. Ya kira Nomau kawu da Faransanci, ya ce, “Tonton, ka ji tsoron Allah. An auna ta a kwance, an yi mata rami daidai jikinta, ba motsi, ba ƙara. Wannan ai kabari ne ka yi wa baiwar Allah. Inna, zo mu tafi, mota ba ta jira.”

Inna ta dubi tikitin, ta dubi gadon. Ta ce bismillah, ta sunkuya ta shiga, ta jawo ƙofa. Sai muka ji ƙarar ƙarfe, ƙaras, daga ciki.

Saifuddeen ya tura ƙofar, ta ƙi. Ya buga. “Inna! Inna, buɗe mana!”

Nomau yana zaune a kan jarka yana miƙe wata tsohuwar ƙusa, ya ce, “Ɗana, kai da ka yi boko a lakkol, a wace maƙabarta ka ga kabari mai sakata ta ciki? Kabari shi ne inda wasu suke kai ka su juyo. Tikitinsa ne ma a hannunka.”